Ratar Kawu Sallau

Ƙarfe sha ɗaya na dare, Titin Gidan Zu ya yi tsit,
sai janareton mai gasa kifi da ke tari a ƙasan bene.
Ni da kwamfuta, da shayin da ya huce tun isha'i,
ina koya wa kabad yadda zai san kansa.

Ban fara da katako ba, da layi na fara:
hagu, dama, sama, ƙasa,
da na tsakiya mai raba gardama.
Na ɗaure gefen hagu a layinsa na kulle,
na ɗaure na dama na kulle,
na ce wa tazarar da ke tsakani: sunanki Faɗi.
Tsawo ya amsa nasa sunan, Zurfi ya amsa.
Kaurin falanki kuwa, milimita sha takwas,
dattijo ne, ba ya magana biyu.

Sai na ja Faɗi don in gwada.
Durowa ta ratsa bango kamar akuyar da ta tsinke igiya,
marfi ya tsaya a sarari, ba uwa ba uba,
manhaja ta ce sharaɗi ya karye.
Ashe bayan durowa ne ban kulle ba.
Sau bakwai na koma.
Sauro ya ci rabonsa a idon sawuna.

Kafin asuba ya fara jin magana.
In Faɗi ya haura ɗari shida, marfi ya rabu biyu.
In Tsawo ya miƙe, kanta ta haifi kanta,
kowace ta ja baya ta ba ƙanwarta wuri.
Mariƙi ya bi tsakiya duk inda tsakiya ta koma.

Ranar Laraba aka kira daga Hotoro:
magini ya cinye yatsa huɗu a bangon kicin ɗin Hajiya Dudu,
kuma ya rantse igiyarsa ce mai gaskiya.
A da, takarda goma sha biyu ke nan sun tashi a banza.
Na taɓa lamba ɗaya.
Kabad takwas suka matsa wa juna
kamar fasinjoji a bayan adaidaita,
jadawalin yanka ya gyara lissafinsa ban ce masa uffan ba.

Na ɗauki alfaharina na kai Na'ibawa,
inda Kawu Sallau ya shekara arba'in da fensir a kunne,
babban yatsansa na hagu guntu ne, zarto ya karɓi zakka.
Na ɗora kwamfuta a kan tulin falanki.
Na ja, kabad ya buɗe ƙirji. Na saki, ya tsuke.
Yaran shago suka bar ƙusa suka zagaye mu.

Kawu ya hure garin katako daga kan madannai.
Ya daɗe yana kallo.
Ya ce, "Wannan naki, ya taɓa ganin damina?"

Na yi shiru.

Ya ce, "Katako ba ya mance shi itace ne.
Agusta na zuwa zai sha iska ya kumbura,
marfin da kika haɗa baki da baki
sai Hajiya ta sa gwiwa kafin ya rufu.
Bar masa wurin numfashi."
Ya nuna min tsakanin farce biyu,
abin da bai kai ƙwayar gero uku ba.

Daren nan na buɗe sabon ma'auni.
Manhaja ta tambayi suna,
na rubuta: Ratar Sallau. Milimita uku.
Na cire ta daga faɗin kowane marfi, na kulle.

Yanzu duk ofishin da ya ɗauki kabad ɗin nan,
ko a Bompai ne ko a Sharaɗa,
zai tarar da ita a jerin lambobi, ƙasa da Zurfi.
Lurwanu na teburin kusa ya tambaye ni jiya ko zai iya mai da ita sifili.
Na ce ya bari sai ruwa ya sauka,
ya sake tambaya.